Batirin da ake ɓallewa ko na cikin bututu: wanne zan saya?

Matafiyi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida kekena yana kan giyar kebur, yanzu na tara kuɗi zan koma ta lantarki. Keken titi ne, faranti biyu masu haƙoran sarƙa a gaba, kuma nakan yi tafiyar kwana uku zuwa huɗu inda ba lallai in samu wuta ba. Ta kamfanin SRAM kowace giya, ta gaba da ta baya, da ɗan batirinta da ake ɓallewa. Ta Shimano Di2 kuwa batir ɗaya ne cikin bututun sirdi, waya ta haɗa shi da giyoyin, madannan hannu kaɗai ne ba waya. Wanda ya yi doguwar tafiya da ɗaya daga ciki ya taimaka mini. Don Allah ban da "ka zauna kan kebur", na riga na yanke shawara.

Baba Kebur: Wa'alaikumussalam. Ka zauna kan kebur.

Ɗan Tsere: Baba ba ka gajiya! Matafiyi, tun da SRAM suka fitar da giyarsu mara waya, eTap, a 2015 nake tare da su. Batirin yana kai awa 60 ana tuƙi, cikin kamar awa ɗaya ya cika. Abin da ya saye ni shi ne na gaba da na baya iri ɗaya ne. Wata rana na manta ban yi caji ba, na baya ya ƙare a tsakiyar hanya, na ciro na gaba na ɗaura masa, na dawo gida a ƙaramin faranti. Ko minti ɗaya ban ɓata ba.

Maman Hawa Dutse: Ai gardama ta ƙare, Shimano ma sun bi sahu. XTR da suka fitar a 2025 ba waya ko ɗaya, batirin yana cikin giyar baya kuma ana ciro shi.

Matafiyi: Hajiya, wancan na keken dutse ne mai faranti ɗaya. Nawa na titi ne.

Injiniya: Di2 mai giya 12 tana kusan kilomita 1000 da caji ɗaya. Kwana huɗun naka zai kai haka? In batir ya yi ƙasa, ta gaba ce ke fara tsayawa, ta bar maka ta baya ka ƙarasa. Daga jikin giyar baya ake caji, fawa bank ma ya isa.

Wanda Aka Cuta: Ku duk lissafin ranar tafiya kuke yi. Ni lissafin ranar da batirin zai tsufa nake. Na sayi ta wani kamfani, ba cikin waɗannan biyun ba, sunansa ma ba zan kama ba. Araha ta ja ni, ba waya, ga kyau. Batirin a rufe yake cikin giyar, ba ƙofa ba taga. Da farko sai in yi wata ban neme shi ba. Daga baya ya koma mako, ya koma kwana biyu, ran nan ya mutu ina tsakiyar hawan tudu a giya mafi nauyi. Tura keken na yi, takalmin tsere a ƙafata, ina tafiya kamar agwagwa. Na rubuta musu, suka ce garanti ya ƙare da wata biyu, in sayi sabuwar giya. Na ce batir kawai nake so. Suka ce ba a sayar da shi daban. Injin giyar lafiya, ƙarfen lafiya, komai lafiya, amma saboda abin da bai kai ɗan yatsa ba ga ta can cikin kwali. Na kai wa mai gyaran waya ya buɗe, ya canza, ya mayar, ruwan sama na farko ya gama da ita.

Ɗan Tsere: Subhanallahi. Araha ba ta ado. Da na ɓallewa ne, safaya bai kai kuɗin taya ɗaya mai kyau ba.

Maman Hawa Dutse: A ina? Ni da caja sai da na biya kuɗin taya biyu.

Sabon Shiga: Ni kuwa uku na samu a kuɗin ɗaya ta intanet.

Bakanike: Ƙanina, jabu ka saya. Irinsu nake gani kullum: ko maƙalin ya tsage, ko ya kumbura, ko ya nuna kore alhali ba komai a cikinsa. Kuma Matafiyi, kar ka manta madannan hannu ma da nasu batirin mai kamar kwabo, CR2032 a SRAM, CR1632 a Shimano. Shi kowa ke mantawa da shi.

Ɗan Tsere: Oga, kai matattun kaɗai ake kawo maka. Yaushe rabonka da hawa keke?

Bakanike: Kai kuma yaushe rabonka da sayen kaya da kuɗinka? Wanda ƙungiya ke ba shi sabo duk shekara ba shi zai faɗa mana yadda batir ke tsufa ba.

Wanda Aka Cuta: Ni da na tura keke nake da bakin magana.

Baba Kebur: Waya caji, fitila caji, agogo caji, yanzu keke ma caji. Saura ƙafafu. Mavic sun yi giya mara waya tun 1999, Mektronic, ina take yau? Kebur ɗina kuwa yana nan.

Injiniya: Abin da ba ku duba ba, ba fasaha kaɗai ke raba su ba, har da rajistar ƙira, wadda ke hana wani kwaikwayon dabararka. Da Campagnolo suka fitar da Super Record mara waya a 2023, kowace giya da batirinta, amma na gaba ba ya shiga na baya. Kamfanin da ke ƙera giya tun kakanninmu ba dabarar ce ta gagare shi ba. Wani ya riga shi yin rajista, rajista kuma shekara 20 take yi. Tarayyar Turai ta yi dokar batir a 2023, daga Fabrairun 2027 dole mai kaya ya iya canza ƙaramin batir da kansa, sai dai an sassauta wa kayan da ake wankewa da ruwa.

Wanda Aka Cuta: To ai shi ke nan, duk za su ce giyarsu kifi ce.

Bakanike: Batir ma da sauƙi. Ku zo ku ga abin da ake yi da cibiyar taya. SRAM da XDR, Shimano na dutse da Micro Spline, Campagnolo da N3W. Giya 12 dukansu, amma kowa ya zana haƙoransa don kar ka fita daga gidansa. Mutum ya zo da tayoyi masu tsada, in ce masa ba za su hau ba, ya hau ni da faɗa kamar ni na ƙera.

Matafiyi: Tsaya Oga, tayoyina na giya 11 ne. Kana nufin su ma sai na canza?

Bakanike: Faifan haƙoran baya na Shimano na titi mai giya 12 zai hau yadda suke. Na SRAM mai haƙori 10 sai ka canza kan cibiyar, in ana yin na irin tayarka.

Maman Hawa Dutse: Sarƙa fa? Ni uku ne a gida, ba wadda ke shiga keken wata.

Sabon Shiga: Oga Bakanike, ɗaya cikin ukun nan ya ɗan kumbura. In ci gaba da amfani da shi?