"Garin neman gira a rasa ido": ta dace da wannan aikin kuwa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Jiya wani dattijon likita ya jefe ni da karin magana, har yanzu tana raina. Aikina kula da na'urar leƙa cikin majiyyata. Tamu tsohuwa ce, ta zaren gilashi: dubban zarurruka sirara a ɗaure wuri guda, kowanne ɗigo ɗaya na hoto yake kawowa, tsakaninsu kuma akwai rufin da ke fitowa baƙi. Shi ya sa hoton ke zuwa da zane kamar saƙar zuma. Na sa manhaja ta shafe zanen, hoto ya yi sumul, na nuna masa ina murna. Sai ya ce, "Yaro, garin neman gira za ka rasa ido." Ta dace a nan?

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam. Wasu "gyaran gira" suke cewa, kuma ita ta fi kusa da batunka, tunda kana da abin, kwalliya ka je yi masa. Ana faɗinta ne idan mutum ya yi asarar babba wajen bin ƙarami. To me ka rasa? In ba ka rasa komai ba, bai yi maka adalci ba.

Ɗan Fagge: Gaskiya na rasa, Malam. Manhajar dusashe hoton take yi har zanen ya ɓace, sai ƙananan jijiyoyin jini da bakin gyambo su ma suka yi dishi-dishi.

Injiniya Damagaram: To ya yi gaskiya a kan hanyar da ka bi, amma ban yarda saƙar zuman nan gira ba ce. Gira ado ce. Wannan zane kuwa yana gajiyar da idon likita, kuma idan ya haɗu da jerin ɗigogin kyamara sai wasu layuka na ƙarya su bayyana. Akwai gyaran da ba ya taɓa ido. Ka fara ɗaukar hoton farin abu, kwamfuta ta gano tsakiyar kowane zare da ƙarfin haskensa, sannan ta cike tsakani da abin da maƙwabta suka nuna. Wadda ta fi ita ce haɗa hotuna da yawa yayin da na'urar ke ɗan motsi. Kamar mai leƙe ta asabari ne, yana gusar da kai yana ganin abin da kara ya tare.

Anti Nas: Injiniya, ta asabarin na yarda, don an ga abin da gaske. Amma cike tsakani ai kintace ne. Zaren da ya karye baƙin ɗigo yake bari, likita ya san nan bai gani ba. Ka cike masa, sai ya ɗauka ya gani, alhali wataƙila nan ciwon ƙari yake farawa. Ƙirƙirarriyar basira ma ta fi ba ni tsoro, don tana iya zana lafiyayyen nama inda babu. A 1957 wani likita mai suna Basil Hirschowitz ya haɗiyi na'urarsa ta zaren gilashi da kansa a Michigan ta Amurka kafin ya sa wa majiyyaci, kuma shekara da shekaru da irin wannan hoto mai zane aka riƙa gano gyambon ciki. Ni da "garin gyaran doro a karya baya" zan faɗa, don doro aibi ne na gaske, kamar zanen.

Malam Na-Zazzau: Madalla, Hajiya, taki ta fi zama daram. Ta gira tana raina abin da aka je nema, ta doro kuwa ta yarda akwai matsala, hannun mai gyaran take zargi.

Ɗan Fagge: Na gode. Gobe zan gwada ta farin hoton, in ajiye na asali kusa da gyararren ya duba duka biyun. Amma Malam, ya kyautu in gaya masa ta doro ce ta fi dacewa?

Malam Na-Zazzau: A'a, ɗana, sa'an mahaifinka ne. Nuna masa hotunan kawai.