Janar na daji da janar na ofis: wa ya cancanci riƙe runduna?

Baba Saja, Nima: Salamu alaikum. Maganata guda ce. Duk wanda bai taɓa kwana a rami harsashi na wucewa ta kansa ba, bai cancanci a damƙa masa rundunar yaƙi ba. Ku duba Zhukov na Rasha. A 1915 aka ɗauke shi ƙaramin sojan doki, ya ji rauni, ya yi ta hawa da kaɗan-kaɗan har ya shiga Berlin a 1945. Irin wannan ya san abin da umarninsa ke jawo wa yara.

Malamin Makaranta, Mamobi: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ƙi ta taka ba, amma ina za mu kai Janar Eisenhower na Amurka? A yaƙin duniya na ɗaya ko Turai bai taka ba, horar da sojojin tanka ya yi a Amurka. Shi ne kuma ya jagoranci saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa, a yaƙin duniya na biyu, ranar 6 ga Yuni 1944, sojoji fiye da 150,000 a yini guda. Aikinsa jiragen ruwa ne, da mai, da abinci, da lallashin janarori masu taurin kai irin Montgomery da Patton. Shi kuwa Zhukov, a Seelow, bakin Berlin, garaje ya yi ya tura tankoki kafin lokaci, hanya ta cushe, dubban yaransa suka halaka. Sanin rami bai hana shi ba.

Baba Saja: Ɗana, Eisenhower a kan wuyan waɗanda suka sha wuta ya tsaya. Cire su ka ga abin da zai rage.

Hajiya, Sabon Zongo: Baba, ka yi mini haƙuri in sa baki. Kakana yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da aka kai Bama. Da Hausa ake ba su umarni, su ne cikin daji da ruwan sama da kaya a ka, amma hafsoshin Turawa ne. Komai jarumtar baƙin mutum, galibi a saja manjo yake tsayawa. Sai a 1942 aka ba Seth Anthony, mutumin Ghana, muƙamin hafsa, kuma ɗan boko ne, malami. To idan rami ne ke ba da girma, me ya sa iyayenmu suka dawo ba ko tauraro ɗaya a kafaɗa? Sunan kawai aka bar mana, barikin Burma Camp da ke Accra.

Baba Saja: Wannan zaluncin mulkin mallaka ne Hajiya, kuma yana ƙarfafa maganata. Su ya kamata a ɗaga.

Kawu Direba, Ashaiman: Ku bar Turawa mu dawo gida. Ruwanda, 1994, lokacin kisan ƙare dangi. Da aka kashe sojojin Beljiyam goma, ƙasarsu ta janye nata, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawarar rage rundunarta ta kiyaye zaman lafiya zuwa sojoji 270. Duk da haka Henry Anyidoho, mataimakin Dallaire kwamandan rundunar, ya tsaya a Kigali, babban birnin ƙasar, da sojojin Ghana ɗari huɗu da wani abu, suka yi gadin mutanen da suka fake a filin wasa na Amahoro. Rayuka da yawa sun tsira ta dalilinsu. Baba, ka san daga wane sashe ya fito? Sashen sadarwa, masu oba-oba. Haka ma Emmanuel Erskine, kwamandan farko na rundunar Majalisar a kudancin Labanon a 1978. Wallahi duk lokacin da na tuna Kigali sai in ji ƙirjina ya cika.

Baba Saja: Kigali ba ofis ba ce, Kawu. Ana ruwan wuta ya tsaya, shi ya sa muke ambatonsa.

Malamin Makaranta: Amma kafin ranar wa ya san zai tsaya? Da ma'auninka aka bi, Baba, da ba a tura shi ba tun farko. Kuma akwai abin da ba mu taɓo ba: umarnin da 'yan siyasa ke ɗaura wa kwamanda. Arnold Quainoo na Ghana ya kai ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, Laberiya a Agusta 1990 da izinin raba faɗa. Ranar 9 ga Satumba mutanen madugun 'yan tawaye Prince Johnson suka kama shugaban ƙasar, Samuel Doe, a hedikwatar Quainoo ta tashar jirgin ruwan Monrobiya. Aka maye gurbin Quainoo da Joshua Dogonyaro na Najeriya, aka kuma sakar masa mara ya yi amfani da ƙarfi, ya kori mayaƙan ɗaya madugun, Charles Taylor, daga birnin. Mutum biyu, runduna ɗaya, izini daban.

Hajiya: To Malam, laifin ranar na kwamanda ne ko na waɗanda suka aike shi hannu a ɗaure?

Baba Saja: Na kowa ne, amma baƙo ya shigo gidanka a ɗauke shi a gabanka, kai za a fara tambaya. Na yarda da ku a kan Anyidoho. A kan Eisenhower kuwa ina nan inda nake, kuma ina tambaya: wa a cikinku zai ba shi ɗansa ya kai shi fagen fama?