Sai An Ƙara Masa Basira Kafin Ya Zama Jarumin Labari?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da maganar da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina mutum mai raunin fahimta ba zai iya riƙe dogon ƙagaggen labari a matsayin jarumi ba, sai idan marubuci ya samo hanyar da basirarsa za ta ƙaru a tsakiya, ko ta tiyata ko ta magani. Mai karatu yana bin jarumi ne don ya ga ya gane abin da bai gane ba da farko. To wanda fahimtarsa ke tsaye wuri guda, me zai gane a babi na ashirin da bai gane ba a babi na ɗaya? Shi ya sa labaran da ake buɗe wa jarumi kai, ya waiwaya ya ga wulaƙancin da aka yi ta yi masa, su suka fi sa mutane hawaye.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, wa ya gaya maka a tsaye suke? Ƙanena yana da larurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita kuma take zuwa da raunin fahimta. Lokacin da autanmu, wanda ƙanen nawa ya girme wa nesa ba kusa ba, ya fara haɗa baƙi yana karatu, sai ƙanen nawa ya tsane shi. Ya yaga masa littafi, ya ɓoye masa jaka, in an yabi yaron a gabansa ya tashi ya buga ƙofa. Ya san sarai an wuce shi, bakin faɗa ne ba shi da shi. Shekaru aka ɗauka a haka. Yanzu in saƙo ya shigo wayarsa, autan nan yake nema, ya miƙa masa ya ce karanta min, ya zauna kusa da shi yana kallon bakinsa. Har yau bai iya karatu ba. Amma wanda ya yaga littafin da wanda ke miƙa wayar, ka ce min babu tafiya a tsakaninsu?

Malam Nasiru: Allah ya ƙara masa lafiya, Anti. Amma ke kika ba mu labarin, ba shi ba. Matsalar ke nan. Idan shi ne mai ba da labari, da wane harshe zai bayyana kishin nan?

Malama Hauwa: Ni aikina koyar da yara masu buƙata ta musamman, kuma inda na fi samun matsala da maganar Malam shi ne ɗaukar basira kamar abu ɗaya ce da ake aunawa a ce ta ƙaru ko ta ragu. Wanda ya fara gwajin auna basira, Alfred Binet, shi da Théodore Simon a Faransa a 1905, sun yi shi ne don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, kuma Binet bai yarda cewa basirar yaro a daskare take ba. Bayan gwajin ya isa Amurka, Lewis Terman ya fitar da nasa a jami'ar Stanford a 1916, makin da gwajin ke bayarwa, wato IQ, ya zama hatimin da ake buga wa mutum har kabari. Likitocin yanzu sun ja da baya daga wannan. Matsakaicin makin IQ 100 ne, ana kallon wajen 70 a matsayin iyakar raunin fahimta, amma tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka yana auna tsananin larurar ne da yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa: mu'amala da mutane, kula da kai, riƙe aiki. Waɗannan kuwa koyonsu ake yi, ina gani da idona a aji. Marubucin da ya ce sai lamba ta tashi daga 68 zuwa 180 kafin a sami labari, ra'ayin da masana suka ajiye ya ɗauko.

Jamila: Malama, ni dai a bar ni in kare Malam Nasiru kaɗan. Irin labarin da yake faɗa shi ya fara sa ni jin kunyar dariyar da nake yi wa irin mutanen nan ina ƙarama. Da jarumin bai samu basirar da zai faɗi zafin da ya ji ba, da ban ji ba. Ai ya yi amfani.

Malama Hauwa: Ya yi, Jamila, ban musa ba. Amma a wane shafi kika fara jin tausayinsa na gaske? Yawancin masu karatu sai ya fara magana irin tasu. Nan ne abin ke damuna, don yaran ajina ba za su taɓa yin magana irin taki ba, kuma gobe ma suna buƙatar ki ɗauke su mutane.

Dakta Bashir: Bari in sa baki ta ɓangaren asibiti. Tiyatar da za ta mayar da baligi mai raunin fahimta haziƙi babu ita, babu kuma maganin da ke yin haka. Abin da ke akwai rigakafi ne. Ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki yana cikin manyan abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar jariri, gishiri mai aidin kuma yana kare shi. Akwai cutar PKU, ciwon gado da ke hana jiki sarrafa wani sinadari na cikin abinci, da Asbjørn Følling ya gano a ƙasar Norway a 1934: idan aka ɗiga jini daga diddigen jariri aka gano ta da wuri, aka tsara masa abinci, ƙwaƙwalwarsa ta tsira, in an makara kuwa ɓarnar ba ta komawa. Larurar Down tana zuwa ne daga ƙarin kwafi ɗaya na kuromosom na 21, ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado da ke jikin mutum, an tabbatar da haka a Faransa a 1959. Ban ce ƙagaggen labari sai ya bi littafin likitanci ba. Sai dai iyaye suna zuwa mana da tambayar ko akwai allurar da za ta buɗe kan yaro, kuma masu damfara sun san da wannan fatan.

Malam Nasiru: Dakta, in haka ne kada a rubuta labarin tafiya wata duniya tunda ba a je ba. Marubuci yana ƙirƙirar abin da babu don ya haska abin da ke akwai.

Dakta Bashir: Gaskiya ne. Bambancin shi ne babu uwar da ke kwana tana kuka don ɗanta bai je wata duniya ba.

Baba Idi: 'Ya'yana, na daɗe ina gyara rubutun mutane, ku bari in faɗi inda nake ganin kowa ya kauce. Nasiru, tambayarka ta harshe tambaya ce ta ƙwarai, amma tana da amsa a cikin sana'ar. Ana rubuta labari ta bakin yaro ɗan shekara shida, mai karatu ya fahimci abin da yaron bai fahimta ba. Jarumi zai iya cewa kawai, na ɓoye jakarsa a bayan ƙofa, mama ta yi ta nema, ni ban faɗa ba, cikina yana ciwo. Bai ce kishi ba, kai ka ji kishin. Aikin ya fi wahala, shi ya sa ake gudu zuwa tiyata.

Ku kuma masu adawa da shi, ku yi hattara da ɗaya ramin. Na sha karanta rubutun da aka mayar da mai raunin fahimta kamar mala'ika: ba ya fushi, ba ya ƙarya, ba ya sha'awar aure, aikinsa kawai ya yi murmushi har azzalumin gidan ya tuba. Wannan ma kwace masa mutuntaka ne, don an mayar da shi darasin wasu. Ni na fi son ƙanen Rabi mai yaga littafi.

Anti Rabi: Wallahi Baba ka faɗi abin da ke raina. Yana da rowa, yana da zaɓen mutane, akwai wadda yake so kuma ya san ba za a ba shi ba. Babu marubucin da na ga ya taɓa wannan.

Malama Hauwa: Kuma ku tuna abin da ra'ayin cewa darajar mutum tana bin basirarsa ya taɓa haifarwa. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 8 cikin 9, ta amince jihar Virginia ta yi wa wata budurwa, Carrie Buck, aikin hana haihuwa bisa cewa ita da uwarta da jaririyarta duk masu raunin hankali ne. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa irin wannan a ƙasar. Daga baya bincike ya nuna Carrie lafiyarta ƙalau, 'yarta Vivian ma ta yi ƙoƙari a makaranta kafin ta rasu tana shekara 8. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muke ba da labarin: mu ce an zalunce ta domin ashe tana da hankali. To da ba ta da shi fa, ya halatta ke nan?

Jamila: Wannan tambayar ta kama ni, Malama.

Malam Nasiru: Ni ma ta kama ni, amma ban sauka daga matsayina duka ba. Gajeren labari, na yarda da Baba Idi, za a iya. Shafi ɗari uku cikin muryar da ba ta faɗaɗa, har yanzu ina ganin mai karatu zai gaji ya ajiye.

Baba Idi: Wa ya ce sai murya ɗaya? Ka ba shi babinsa, ka ba autan nasa, ka ba yayar tasu nata. Ka fara daga ranar da aka yaga littafin, ka bi su shekara ashirin, har lokacin da iyaye suka tsufa aka fara tambayar wa zai ɗauke shi, shi kuma yana da nasa ra'ayin kan inda zai zauna. Masu larurar Down yanzu suna kaiwa shekara 60 a ƙasashen da ake kula da lafiyarsu, don haka tambayar tana gaban gidaje da yawa. Rubuto babi uku na farko ka turo min, in na gaji zan gaya maka.