Allon gudun Civic ɗina ya ɗauke ɗif, an ce in sayi wani, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Ina da Honda Civic 2007, 'yar Amurka ce na saye ta Beljiyom shekara huɗu kenan. Kun san dashbod ɗinta hawa biyu ne, na ƙasa mai allurar rpm (juyin inji) da kilomita, na sama kuma shi ke nuna gudu da lamba, da mai, da zafin inji. To na saman nan ne ya fara min wasa tun lokacin zafi, in ta sha rana sai lambobin su dushe ko su riƙa ƙiftawa, in na ɗan bubbuga saman dashbod ɗin sai ya dawo, da safe kuwa lafiya ƙalau kamar ba shi ba. Yau kwana shida ya ɗauke gaba ɗaya, baƙi ƙirin, amma na ƙasan na aiki, mota na tashi, giya na shiga lafiya. Na kai wa wani rewaya ko sukurdireba bai ɗauka ba ya ce mita, wato allon, ta ƙone in sayo wata, wani kuma ya ce birenbos ne, wato kwamfutar motar. Da motar nan nake kai yara makaranta, yanzu ko yawan man da ke ciki ban sani ba sai lissafi. Me zan fara dubawa kafin in zuba kuɗi?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Fara da fiyus ɗan uwa, akwatin na nan ƙasan sitiyari ta gefen direba, nemi wanda aka ware wa mita. Sannan akwai maɓallin + da - na hasken allo a hagun sitiyari, yara kan danne shi har haske ya koma ƙasa, da rana sai ka rantse ya mutu. Saka hannu ka yi masa inuwa ka leƙa da kyau.

Mai tambaya: Na gode Baba, na danna + har ƙarshe, na ƙasan ya ƙara haske na saman ko gezau. Fiyus ban duba ba tukuna.

Rewaya daga Kaduna: Malam kar ka sayi komai tukuna, kuma maganar birenbos ka ajiye ta gefe, motar da ke tashi tana tafiya lafiya rpm na motsi ba a fara zargin birenbos ɗinta. Fiyus ɗin da Baba ya faɗa ka duba shi don bai cin ko sisi, 7.5A ne, amma ni ban sa ran shi ne ba, don in ya ƙone ba na sama kaɗai zai ɗauke ba har na ƙasan zai tafi da shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne zafi da bugu. Duk abin lantarkin da zafi ke kashewa bugu ya tayar da shi to wani wuri ne ya saki, ko soket ɗin bayan allon ko dalmar da ke riƙe da ƙafafun kayan a jikin bod, wato farantin lantarkin da ke cikin allon. Motar nan in ta wuni a rana saman dashbod ba ya taɓuwa don zafi, da dare ya huce, kullum dalma na buɗewa tana tsukewa shekara da shekaru, ga gargadar hanya, a hankali sai ta tsage siriri kamar gashi ido bai gani sai da gilashin ƙara girma. Bugun da kake yi haɗa tsagar yake na ɗan lokaci kuma yana ƙara buɗa ta, shi ya sa yanzu ya daina ji.

Akwai gwajin da motar ke yi wa kanta, ba sai da na'ura ba. Danne maɓallin SEL/RESET ka riƙe, kunna fitila, murɗa makulli zuwa II kar ka tayar, cikin daƙiƙa 5 ka kashe fitila ka kunna ka sake kashewa, sai ka saki maɓallin ka danna shi sau uku da sauri. In ya shiga za ka ji ƙara, fitilun gargaɗi su riƙa ƙiftawa, duk lambobin allo su fito. Sai an ɗan gwada sau biyu uku kafin hannu ya faɗa. In na ƙasa ya amsa na sama ya yi shiru to matsalar ta taƙaita a na saman ko wayar da ke zuwa masa.

Mai sayar da sifeya: Oga gaskiya ni dai a ganina canjawa ya fi kwanciyar hankali, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka samu na Beljiyom. Na saman kawai za ka saya, kilomitar motarka a na ƙasan take ajiye ba za ta canja ba. Ka dai tafi da tsohon a gwada lambar da ke jikinsa kuma a ɗaura a gabanka kafin ka biya.

Rewaya daga Kaduna: Alhaji ban ƙi taka ba, amma wanda zai sayo ɗin ma sa'an nasa ne a shekaru, wataƙila tsagarsa na hanya. Kuma in caji ne ya yi yawa ko as ɗin, wato wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin mota, ne ya yi tsatsa, sabon ma haka zai bi. A sa mitar gwajin wuta a kan batir tukuna, mota a kashe wajen volt 12.4 zuwa 12.6, in inji na aiki kar ya wuce 14 da 'yan kai, ka ga 15 ko sama to altanato na dafa maka kaya. Kuma dan Allah a daina cire kan batir mota na kunne wai ana gwada caji, wannan ɗabi'ar ta kashe mita da yawa a garejin nan.

Wata 'yar uwa mai irin motar: Ni abin da ya fi damuna ba gudun ba ne yaya, zafin injin ne da ba ka gani. Civic 2006 zuwa 2008 masu injin 1.8 an san wasunsu da tsagewar bulok ruwa ya riƙa zurarewa, har Honda ta tsawaita garantinsu zuwa shekara 10 a Amurka saboda haka. Kana tafiya ba gejin zafi ga yara a baya, wallahi ban so. Kullum da safe kafin ka tayar ka duba ruwan lagireto inji na sanyi. In da hali ka sayi ƙaramin sikana na OBD2 irin ELM327 mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, soket ɗinsa na ƙasan sitiyari, zai nuna maka zafi da gudu a wayarka har a gyara. In ya nuna gudu daidai ma ka san sensa lafiyarta lau.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, wallahi maganar zafin nan ban kawo ta a raina ba sam. Ga yadda aka yi yau. Fiyus lafiya, caji 14.1 ya nuna. Gwajin maɓalli sai a karo na huɗu ya shiga, na ƙasa ya amsa na sama shiru. Muka cire allon, soket ɗin a ɗaure yake ba tsatsa, wuta na zuwa, as ma akwai. Na kai wa wani mai gyaran talabijin a unguwarmu ya sa gilashi ya nuna min ƙafafu uku na soket ɗin a jikin bod da dalmarsu ta yi zobe, ya bi layin duka ya sake narkawa. Mun mayar ya kama, mai ya nuna kwata. Gobe zan bar ta a rana tun azahar har la'asar in ga ko zai sake dushewa.

Rewaya daga Kaduna: Madalla. Ka kunna fitila da AC tare lokacin gwajin, kuma ka bi da ita ta hanya mai gargada. In ya ƙifta ko sau ɗaya ka mayar masa ya duba sauran dalmar wajen da ke ɗaukar zafi a bod ɗin, kar ka sake bugunsa.