Injin yankan ciyawa: mai taya da ake turawa ko na ratayawa a kafaɗa?

Ɗan Kubwa: Salamu alaikum. Gidaje shida nake yi wa yankan ciyawa a Kubwa da Gwarinpa, har yanzu da adda, ga damina ta kankama. Kuɗina na inji ɗaya ne, kuma a mashin nake yawo. Wanne zan saya?

Baban Lambu: Wa'alaikumus salam. Na turawa ya fi fitar da aiki sumul. Ka dai juye baƙin mai bayan awa 5 na farko, daga nan duk awa 25 zuwa 50.

Mai Fulawa: Baba, ya ce a mashin yake. Ina zai ɗaura shi? Kuɗin keke napep ne zai cinye ribar. Na ratayawa zai saya, shi ke shiga gindin katanga da bakin kwalbati.

Makanike: Na ratayawar ma haɗin mai ke kashe shi. Ƙirar Sin yawanci 25 da 1 ne, wato mililita 40 na man 2T (baƙin man da ake haɗawa da fetur) a litar fetur. Na kamfanin Stihl da mansa 50 da 1, mililita 20. Idan man ya yi kaɗan fistin ya kama, idan ya yi yawa filogi ya yi baƙi, sai hayaƙi. A auna da sirinji, ba da murfin gora ba. Kuma kada haɗin ya wuce wata a tanki, yana toshe kafireta.

Tumaki Biyu: Ɗan'uwa sayi raguna ka sake su. Ba fetur, ba filogi, Babbar Sallah ka sayar.

Baban Lambu: Duk wanda bai yi damina uku a sana'ar nan ba ya saurara. Ƙanena, haɗa gidajen unguwa ɗaya a rana ɗaya. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa, in ka aske ta ƙasa sai ta ƙone. Ka tsince duwatsu tukuna, in injin ya cilla dutse ya fasa gilashin mota ɗaya, ya fi kuɗin wata.

Ɗan Kubwa: To nawa ake caja?

Mai Fulawa: Ƙaramin gida dubu biyar.

Makanike: Dubu biyar? Wannan farashin kafin cire tallafin mai ne a 2023. Ƙasa da dubu goma asara ce.

Ɗan Rigasa: Ku bar batun farashi, a biya ma tukuna. Ka gama aiki cikin rana, maigadi ya ce Alhaji ya yi tafiya. Ka dawo, Hajiya na barci. Karo na uku ciyawar ta sake fitowa, a ce ai ba ka yanke ba! In kuɗin ya fito ta hannun maigadi, ya zare nasa. Yarjejeniyar wata za a yi da mai gidan kansa, rabi a hannu, a tura ta asusu.

Mai Fulawa: Wasu ma sai sun sa ka kwashe shara da wanke mota a kan kuɗin nan.

Ɗan Kubwa: Jama'a, injin fa?

Ɗan Rigasa: Wace unguwa ce ma maigadi ba ya cin kamasho?