Wane faifai kuka sa a akwatin NAS ɗinku, kuma yaya kuka ƙare ranar da ɗaya ya mutu?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi akwatin NAS, wato na'urar ajiyar bayanai da ake haɗawa da netwok ɗin gida, mai gurbin faifai huɗu, domin in tattara hotunan iyali na shekara goma sha biyar, da bidiyoyi, da takardun aikina da na maiɗakina. Yanzu duk a warwatse suke, wasu a kwamfuta, wasu a ƙananan faya-fayan USB guda uku da ban yarda da ko ɗaya ba. Akwati ya iso, zaɓen faya-fayan da zan sa a ciki ne ya tsaya mini a rai. Abin da ke rubuce a jikin kwali na karanta. Wanda ya riƙe irin wannan akwati ya shekara da shi nake so ya gaya mini me ya sa a ciki, da abin da idonsa ya gani.

Injiniya Sani:
Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Bari in fara, don ni na sha wuyar abin.

Faya-fayan kwamfutar tebur na sa, guda huɗu masu terabait (TB) 4, a kan manhajar TrueNAS mai tafiyar da akwatin, da tsarin da ke jure mutuwar faifai ɗaya. Shekara biyu ban ga aibunsu ba, har ina ba mutane shawara kada su wahalar da kansu da masu tambarin NAS. Sai ɗaya ya mutu. Na sayo irinsa na sa, aka fara sake gina bayanai a kansa. Da farko gudun ya kai MB 150 a daƙiƙa, allo ya ce awa tara. Kafin awa biyu gudun ya faɗo ƙasa da MB 10, awa tara ta koma kwanaki. Ina tuna daren farko, na tashi wajen ƙarfe uku na duba, yana kan kashi 31, na ɗora tafin hannuna a kan akwatin ina jin sauran ukun suna ta gurnani. Kwana shida aka yi. A duk kwanakin nan da wani ya sake faɗuwa, da komai ya tafi.

Daga baya na gano faya-fayan SMR ne. A faifan CMR kowane layin rubutu zaman kansa yake. A SMR kuwa layukan hawa kan juna suke kamar jeren kwanon rufi, in za a canza layi ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa. Faifan yana da ɗan wurin da yake fara zuba rubutu kafin ya jera shi a nitse, shi ya sa ba ka gane komai in hoto ashirin kake kwafa. Amma sake gini rubutu ne ba hutawa, wurin nan ya cika, faifai ya soma rarrafe. Duk abin da za ka saya, ka fara tabbatar da CMR ne.

Maman Sadiq:
Gaskiyar Injiniya ce, sai dai in ƙara cewa tambarin NAS kaɗai bai wadatar ba. A 2020 ne ta fito fili cewa wasu faya-fayan WD Red, na NAS ɗin kamfanin Western Digital, masu TB 2 zuwa 6 na SMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR ya sa musu suna Red Plus. Tun daga nan nake kwafe cikakkiyar lambar samfurin faifai in nemo takardar bayaninsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ba na dogara da abin da mai sayarwa ya rubuta. Red Plus, IronWolf na Seagate da N300 na Toshiba su ne aka fi sawa a akwatin gida, kuma CMR ne.

Ni aikin hoto nake, faifai biyu ne gare ni masu TB 8, kowanne madubin ɗan'uwansa. Shekara huɗu ke nan lafiya lau. Kada ka firgita in ka ga TB 8 ya nuna maka 7.27, ba cuta ba ce, lissafin kamfani da na kwamfuta ne suka bambanta.

Maganar gudun juyawa kuma, na so in sayi masu juyi 7200 a minti, ƙanena ya hana ni. Wayar netwok ta gigabit ba ta wuce kamar MB 110 a daƙiƙa, kuma faifai mai juyi 5400 ma ya fi ƙarfin haka in babban fayil ake kwafa. Na ɗauki masu sanyin juyi, ban yi da-na-sani ba. Akwatin yana falo, sai ka matsa kusa kake jin motsinsa.

Auwal:
Ni na bi ta ɗaya gefen, na sa faya-fayan da ake yi wa manyan cibiyoyin ajiya. A wannan aji akwai Exos, Ultrastar da jerin MG na Toshiba. A takarda sun fi kowa: nauyin aikin TB 550 a shekara da garantin shekara biyar, alhali na NAS na gama-gari TB 180 ne da shekara uku, na kwamfutar tebur kuwa wajen TB 55. Shekara uku nawa ba su yi ko tari ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙara da zafi. An yi su ne don ɗakin da ba mai kwana a ciki. Da dare in gida ya yi tsit kana jin ƙwas-ƙwas ɗin allurar, dole na fitar da akwatin daga ɗakin karatu. Na kuma ƙara gudun fanka don su zauna wajen digiri 40. Kuma da na duba lissafi, abin da nake karantawa da rubutawa a shekara bai kai TB 30 ba. Yaya, in ba ka da wurin ɓoye akwatin, na NAS sun ishe ka.

Malam Habibu:
Ku ba ni dama in yi tsawo kaɗan, don akwai abu biyu da ba a taɓo ba.

Na farko, zubi. Na taɓa sayen faifai huɗu rana ɗaya a wuri ɗaya, lambobin jikinsu a jere kamar 'yan gida ɗaya. Tare suka fara aiki, zafi ɗaya suka sha, girgiza ɗaya. A shekara ta biyar ɗaya ya mutu, bayan sati uku na biyu ya bi shi. Allah Ya taimake ni RAID 6 na yi, wato tsarin haɗa faya-fayai wanda ke jure rashin biyu. Yanzu ina raba sayayya, biyu nan biyu can, ko in bar 'yan makonni a tsakani, wani lokaci ma in haɗa na kamfanoni biyu matuƙar girmansu ɗaya. In girma ya bambanta, a RAID na gargajiya kowa zai koma daidai da ƙaramin cikinsu. Ka kuma lura, gwargwadon girman faifai gwargwadon daɗewar sake gini, kuma a lokacin ne tsofaffin ke aikin da ya fi kowanne nauyi a rayuwarsu. Shi ya sa da faya-fayai suka wuce TB 8 na daina yarda da kariyar faifai ɗaya.

Na biyu, gwaji. Sabon faifai ba ya ganin bayanaina sai ya ci jarrabawa. Ina fara duba SMART, wato rahoton lafiyar da faifai ke bayarwa a kan kansa, in yi masa dogon gwaji, wanda kan ci sama da rabin yini a faifan TB 8, sannan in sa manhajar badblocks ta rubuce shi kaf ta karanta. Wannan kwanaki yake ɗauka, kuma yana share duk abin da ke kai, don haka kafin a zuba kaya ake yi. In an gama ina duba lamba 5, da 197, da 198 a rahoton SMART, wato guraben da suka lalace aka musanya su, da kuma waɗanda ake shakkarsu. Sifili nake son gani a ukun. Lamba 9 kuma awannin da faifai ya yi aiki take nunawa, in an ce maka sabo ne ka ga dubbai, ka mayar. Kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze, da yake wallafa alƙaluman mutuwar faya-fayansa tun 2013, lamba 5, da 197, da 198 suna cikin waɗanda yake sa wa ido.

Zainab:
Nawa faya-fayan ba su taɓa mutuwa ba, amma na yi asarar hotunan shekara biyu. Da hannuna na goge jakar ina zaton kwafi ce, madubin kuma ya goge nasa a daƙiƙar. Yaya Baban Khadija, ka ware faifai ɗaya daban da ba ya cikin akwatin, ka riƙa kwafe hotunan ka ajiye shi a wani gida. Ka kuma kunna tsarin da ke adana yanayin fayiloli na kowace rana, in akwatinka yana da shi. Har yau in na tuna hotunan nan raina yana ɓaci.

Injiniya Sani:
Allah Ya mayar da alheri, Zainab. Ƙari ɗaya: faifan NAS in ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa, bayan kamar daƙiƙa bakwai yake haƙura ya sanar, tsarin ya ɗauko bayanin daga sauran. Na tebur yakan nace har akwati ya zaci ya mutu ya fitar da shi daga jeri. Sau biyu hakan ta same ni kafin in gane dalili.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na sayi huɗu masu TB 8, duk CMR, biyu-biyu daga wurare daban, da niyyar yin tsarin da ke jure rashin biyu. Na bi maganar Malam Habibu na sa su gwaji tun ranar Asabar. Jiya da safe uku suna kan sifili, na huɗun lamba 197 ta nuna 8, zuwa yamma ta koma 24. Na cire shi na mayar cikin ledarsa, gobe zan kai a canza mini. Malam Habibu, in bar ukun su ƙarasa gwajinsu in jira na huɗun ya zo, ko akwai abin da zan iya fara shiryawa kafin nan?