Aikin gadar kara ya cije mana a aji biyar, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa. Ina koyar da kimiyya da fasaha a aji biyar na firamare. Wannan zangon na raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya gina gada da karan dawa da zare, ta haɗa benci biyu masu tazarar santimita 30. Gwajinmu ledar fiya wata ce, kowace kusan rabin kilo, muna ɗorawa ɗaya bayan ɗaya har gadar ta karye.

Hannu kam suna da shi, yaran da suka saba ƙera motar kara. Inda na maƙale shi ne bayan gwaji. Ina so su duba inda ta karye, su gyara zanensu, su sake gini. Ina! Da ta faɗi sai su watsar, su kwaikwayi ta rukunin da ya yi nasara. Ita kuwa ta tsaya ne don sun gitta kara ya zama alwatika, wadda ba ta karkacewa in an danna ta kamar murabba'i. Masu kwaikwayon ba su san haka ba, kuma in na faɗa musu da bakina na kashe darasin.

Ga kuma mahaɗa: zare yana zamewa a bawon kara saboda santsi, gam kuma ba ya bushewa kafin a tashi.

Don Allah wace tambaya kuke yi wa yaro har ya gano dalilin karyewar da kansa? Kuma da me kuke ɗaure mahaɗar?